Daga Langa-langa Zuwa Injin Hawa: Tarihin Yankan Ciyawa a Kano



Yau maganar injin yanke ciyawa za mu yi. Na san akwai wanda zai kwashe da dariya ya ce to fa, sarakuna da yaƙe-yaƙe sun ƙare ke nan, an dawo kan ciyawa. Ku dai ba ni aron hankalinku. Ɗan injin nan yana ɗauke da tarihin masaƙa, da na sauro, da na fursuna, da na faɗuwar naira. Sannan akwai mutanen da a daminar nan za su zuba miliyoyi a kansa.

Idan ka bi titin Maiduguri ka shiga Hotoro a watan Agusta, ka leƙa makarantun kuɗi da wuraren biki da manyan gidajen nan masu faɗin haraba, ciyawa ce ke neman cinye su. Haka abin yake a Bompai da Sharaɗa da Challawa, a kamfanonin da suka rage da rai. Wanda filinsa ya fi ƙarfin adda sai ya fara tunanin injin hawa, a nan kuma zai tarar iri biyu ne. Na farko kamar 'yar ƙaramar tarakta yake: ga sitiyari, ga inji a gaba, ga kaskon wuƙaƙe a ƙarƙashin ciki. Na biyu ba shi da sitiyari sam, sanduna biyu ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu, injin yana bayan kujera, kuma yana iya juyawa a nan inda yake tsaye. A takardar masu sayarwa za ka ga an rubuta zero-turn. Ni a shirin nan mai sanduna zan riƙa ce masa, ɗayan kuma mai sitiyari. Wanne ya kamata mutumin Kano ya saya? Mai shago yana da amsarsa. Tarihi ma yana da tasa, ita na zo muku da ita.

Mu fara daga gida. A ƙasar Hausa ciyawa dukiya ce. Kakanninmu ba su san wani abu wai shi shuka ciyawa don a zauna a kalle ta ba. Tsakar gida mai kyau a wurinsu ita ce wadda aka yi wa daɓe aka share tas, ko tsinke babu, don maciji da kunama su rasa maɓoya. Ciyawa tana bakin gona da daji, kowacce da sunanta da aikinta. Gamba ta zana ce. Ƙyasuwa da harƙiya da burburwa da guɗe-guɗe na dabba ne. Ƙiri-ƙiri, mai yaɗo a ƙasa, doki na son ta. Yaro ya ɗauki lauje da asuba, kafin rana ta take ya ɗaure dami ya aza wa jaki ko keke, ya shigo gari ya sayar wa mai ragon layya. Abin da ya yi saura a shanya, ya zama ingirici, a ajiye don rani. To mutumin da ya taso a haka, ka ce masa akwai ƙasar da ake ba ciyawa ruwa, a ba ta taki, in ta girma a yanke a zubar, a kuma biya mai yankan, ai sai ya ce masu ƙasar ba su da lafiya.

Ƙasar kuwa akwai ta, ita ce Ingila. Can ruwa ba ya ɗaukewa, manyan masu ƙasa kuma suna nuna isa da shimfiɗa fili kore a gaban gida, filin da ba a noma shi, don a san ba su da buƙatar abin da zai fito daga cikinsa. Tumaki ne ke rage musu tsawonta, ko a sa ma'aikata su jeru da dogon lauje tun da sanyin safiya.

A shekarar 1830 wani makaniki mai suna Edwin Budding, a yankin Stroud da ke yammacin Ingila, ya yi rajistar injin yanke ciyawa na farko. Ku ji inda ya samo dabarar, don nan ne abin ya ba ni sha'awa. Stroud garin masaƙu ne, ulu suke saƙawa. In an gama saƙa yadin ulu yakan fito da gashi-gashi a jikinsa, to akwai wani inji mai wuƙaƙe a murɗe jikin gangar ƙarfe, yana juyawa yana aske gashin har yadin ya yi sumul. Budding ya dube shi ya ce abin da ya aske yadi ai zai aske fili. Ya ɗora irin wannan gangar a kan ƙafa, ya yi mata mariƙi. Ana ba da labarin wai da daddare yake gwada shi don kada maƙwabta su ce ya zare. Shi da wani mai maƙera, John Ferrabee, suka fara ƙerawa, gidan zu na Landan yana cikin waɗanda suka fara saye, a 1832 kuma kamfanin Ransomes na garin Ipswich ya karɓi izinin ƙera shi.

Kun ga ke nan injin yanke ciyawa ɗan masaƙa ne. A daidai wannan zamanin mu ma nan Kano muna da namu salon gyara fuskar yadi, sai dai mu ba aski muke yi ba, bugu muke yi: a fito da shi daga marina a kai mabuga, a yi ta dukansa a kan gungume har ya ɗauki ƙyalli. Baturen nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Ku riƙe wannan zancen na masaƙa, za mu dawo kansa.

Injin Budding nauyi gare shi, mutum ɗaya na turawa wani na ja. Da aka yi manya sai aka ɗaura wa doki, har takalmin fata ake sa wa dokin don kada kofato ya ɓata fili. A 1893 wani James Sumner na garin Leyland ya yi mai aiki da tururi. Sana'ar tasa ce ta girma ta zama kamfanin motocin Leyland, wanda daga baya har a Ibadan ya yi wurin haɗa manyan motoci. Sai 1902, Ransomes suka fito da mai shan fetur wanda ake hawa, suka sa shi a kasuwa.

Ku lura da shekarar. 1902. Shekara ɗaya bayan nan, a Fabrairun 1903, sojan Ingila suka ci Kano.

Turawan ba su zauna cikin birni ba. Gabas suka yi, Nasarawa da Bompai. Babban abin tsoronsu kuwa sauro ne, don a 1897 likitan nan Ronald Ross ya tabbatar da cewa sauro ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro. Daga nan suka ɗauki duk wata doguwar ciyawa kusa da gida a matsayin abokiyar gaba. Dokar birane ta 1917, zamanin Lugga, ta tanadi a bar fili fetal mai faɗin yadi 440, wajen mita 400 ke nan, tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, ba gini a ciki. Hujjar da suka bayar ita ce sauro ba zai iya ƙetare wannan tazarar ba. Sauro dai bai karanta dokar ba, amma wariyar ta zauna. A garuruwa da yawa irin waɗannan filayen ne suka koma wurin wasansu. Ku duba inda Filin Sukuwa yake a Kano, da filin folo, da filin ƙwallon lambu, wato golf. Duk a ɓangaren da Turawa suka zauna suke. A nan ne mutumin Kano ya fara ganin filin da aikinsa kawai a yanke masa ciyawa.

To wa ke yankewa? Ba inji ba ne. Me zai sa a ɗauko inji daga Ipswich alhali ga fursuna kyauta? Gandiroba ya tuso ƙeyarsu da safe, su jeru su yi ta sara. Makamin da ke hannunsu kuwa shi ne langa-langa. Yaran yanzu da yawa sun san kalmar ne kawai a matsayin tsokanar dogon mutum siriri. Asalinta sunan siririn ƙarfen nan ne mai faɗi da ake ɗaure dila da shi. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 diloli suka riƙa shigowa suna fita, ƙarfen ɗauri ya wadata. Sai wani mai basira, wanda tarihi bai riƙe sunansa ba, ya yanki ƙarfen daidai tsawon hannu, ya lanƙwasa bakin, ya wasa, ya naɗe mariƙin da tsumma. Shi ke nan. Ba sai ka durƙusa ba kamar mai lauje, a tsaye kake kaɗa shi dama da hagu. Daga gidan yari ya shiga bariki, ya shiga asibiti, ya shiga makaranta. Duk wanda ya yi makarantar kwana ta gwamnati ya san shi, in ba a ranar aikin gayya ba to a ranar horo, ya kuma san bororon da yake bari a tafin hannu.

Ba yabon langa-langa nake yi ba, wahala ce tsagwaronta, kuma an fi ɗora ta a kan wanda ba shi da bakin cewa a'a. Amma akwai abu ɗaya da ya kamata a faɗa: shekara da shekaru yana aiki a Kano, bai taɓa tsayawa jiran wani kaya daga ƙasar waje ba. In ya dakushe dutse na nan. In ya karye maƙeri na nan.

Yanzu mu zo zamanin masana'antu. Bompai ce babbar yaya, tun kafin samun 'yancin kai aka fara kafa kamfanoni a can, na man gyaɗa, na fata, na turare, na alewa, daga baya masaƙu da wurin haɗa keken Raleigh. Da kuɗin fetur ya shigo a shekarun 1970 aka buɗe Sharaɗa, har kashi uku, aka buɗe Challawa a kusa da kogin, inda manyan majemu suka tattaru. A kan hanyar Zariya gwamnatin tarayya da kamfanin Fiat na Italiya suka kafa NTM, mai haɗa manyan motoci da taraktoci. A Bauchi ga Steyr, a Kaduna ga Peugeot. Nan Hotoro aka gina babbar ma'ajiyar man NNPC, wadda a lokacin bututu ke kawo wa mai daga Kaduna. A 1980 dala ɗaya wajen kobo 55 ce. Ku sake ji, kobo, ba naira ba. A irin wannan yanayi komai ka gani a littafin talla sai ka yi oda. Kowane manaja yana son gaban kamfaninsa ya yi kama da na hoto: kore shar, furanni a jere, tuta a tsakiya, gadina yana bin injin turawa. Na turawa da hannu nake nufi, ko da yake na Turawan ne ma.

Daɗin bai daɗe ba. Farashin ɗanyen mai ya faɗi, a 1982 gwamnatin Shagari ta shigo da matakan tsuke bakin aljihu, shigo da kaya ya zama sai da lasisi da kamun ƙafa. A 1986 Babangida ya kawo SAP, a watan Satumba aka fara gwanjon kuɗin waje, a zaman farko dala ta haura naira 4. Kamfanin da injinansa duk na waje ne, kayan gyaransu ma na waje, ya wayi gari abin da yake saye naira ɗaya ya koma ninki-ba-ninki. Ga rashin wuta, daga baya ga atamfar fasa-ƙwauri ta cika Kantin Kwari. Masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. NTM ma aikinta ya tsaya cak na tsawon shekaru. Inji mai nauyin tan da yawa sai ya kwanta saboda wani ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannu ba. Na ce ku riƙe zancen masaƙa. To yau ka zaga wasu layukan Bompai da Sharaɗa da damina ka leƙa ta saman katanga. Masaƙa, wadda a irinta aka haifi injin yanke ciyawa, ciyawa ce ta rufe ta har taga.

Amma ba duk inji ne ya mutu a wancan zamanin ba, kuma nan ne tambayarmu ta fara samun amsa. Waɗanne ne suka rayu? Peugeot 504 ta rayu. Babur ya rayu. Injin ban ruwa na fadama, injin markaɗe, ƙaramin janareta, duk sun rayu, har suka hayayyafa. Ba don sun fi sauran inganci ba. Dalilin shi ne bakanike na bakin titi ya iya buɗe su ya mayar, kayan gyaransu kuma suna Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, sabo da na hannu. Injin ban ruwa da na markaɗe da janareta ma kusan zuciya ɗaya gare su, fulogi da kafireton wannan sukan shiga wancan. A Kano inji yana rayuwa ne gwargwadon yawan hannun da suka san cikinsa.

Da wannan a zuciya, mu leƙa Amurka mu ga inda injinan nan biyu suka fito. Bayan yaƙin duniya na biyu Amurkawa suka fantsama bayan gari, kowa da gidansa da filin ciyawarsa, ɗan aiki kuma tsada gare shi. Kamfanoni suka shiga yi wa magidanci 'yar tarakta. John Deere, masu manyan taraktocin noma, sun fito da tasu ta farko mai lamba 110 a 1963. Shi kuma mai juyawa a tsaye, wani Max Swisher a jihar Missouri ne ya fara yin wani mai ƙafa uku wajen 1949. Amma irin wanda muke gani yau, mai sanduna biyu, aikin John Regier ne, ma'aikacin wani kamfanin injinan noma a garin Hesston na jihar Kansas. Kamfanin yana ƙera injin yankan ciyawar dabbobi wanda ƙafafunsa na dama da na hagu ke tafiya daban-daban. A 1963 Regier ya ɗauko wannan dabara ya sa wa ƙaramin inji, a 1964 kamfanin Excel ya fara sayar da shi da sunan Hustler.

Yadda yake aiki ba wuya a gane. Kowace tayar baya tana da nata famfon mai da ke juya ta, irin aikin haidirolik. Ka tura sandar dama, tayar dama ta yi gaba. Ka tura duka biyun, ya miƙe. Ka tura ɗaya ka ja ɗaya, ya juya a kan kansa kamar mai rawar koroso. Tayoyin gaba kuwa ƙanana ne sakakku, irin na gadon asibiti, ba sa tuƙa komai, inda aka tura su nan suke bi. Wannan ne ya sa yake zagaye bishiya tsaf ba ya barin ko tsinke, ya kuma fi mai sitiyari gudu. In ka ga gwani a kansa wallahi sai ya burge ka.

Sai dai mu yi lissafi, don burgewa ba ta biyan kuɗin makaranta. Cikakken filin ƙwallo tsawonsa mita 105, faɗinsa 68. Inji mai kasko inci 42 yana share wajen mita ɗaya a kowane wucewa. Ke nan sahu 68 zai yi, tafiyar kilomita 7 da 'yan kai. Mu ce mai sitiyari yana yanka a gudun kilomita 6 a awa: awa ɗaya da minti goma sha. Mu ce mai sanduna yana yin 10: minti arba'in da 'yan kai. Ka ƙara lokacin da mai sitiyari ke ɓatawa wurin kwana a ƙarshen kowane sahu, bambancin ya kai minti 35 ko 40. A Amurka, inda ɗan kwangila ke yanka gida goma a yini, kuma awar ma'aikaci kuɗi ce mai yawa, wannan riba ce babba. A Kano fa? Daminarmu daga Yuni zuwa Satumba ce. In kana yanka duk mako, bai fi sau 17 ba a shekara. Duk abin da mai sanduna ya rage maka awa goma ne ko sha ɗaya a shekara guda. A kan awa goman nan za ka biya ƙarin kuɗin saye, ka kuma ɗauko famfon haidirolik biyu da bakaniken unguwarku bai taɓa buɗe irinsu ba.

Kuma fa gudun nan sai a fili mai sumul. Filayenmu kun san su: ga tsakuwa, ga guntun bulo da magina suka bari, ga kwalba, ga ramin gara, ga turken da aka ɗaure rumfar biki aka manta. Ka shiga irin wannan da gudu, wuƙa ta daki dutse, ko ta lanƙwashe ko ta ci boris ɗin da take juyawa a kai. In ƙasa ta jiƙe, tayar da ta juya a tsaye takan tone ciyawar ta bar tabo. A gangare kuwa, ko bakin kwata da kududdufi, mai sanduna haɗari ne, tunda gabansa ba ya riƙe ƙasa, in bayan ya zame ba abin da za ka tuƙa da shi. Masu ƙera su da kansu suna gargaɗin a guji gangaren da ya wuce digiri 15. Wani abin da mai shago ba zai faɗa maka ba: masu araha daga cikinsu, waɗanda aka yi don gida, famfonsu a rufe yake ruf, ba a yi shi don a canza masa mai ba. In ya gaji sabo ake sakawa, sabon kuma da dala ne, dalar da tun bayan 2023 ta wuce naira 1,000.

Shi ma mai sitiyari ba waliyyi ba ne. Na zamani da yawa suna da irin wannan famfon, sai dai guda ɗaya ne ba biyu ba, akwai kuma masu giya zalla, waɗanda su na fi so wa mutumin nan. Duk wanda ya iya mota ko A Daidaita Sahu zai hau shi yau ya tuƙa. Babban abin da ya fi shi ne yana jan kaya. Ka ɗaura masa 'yar tirela, da rani ya kwashe shara, ya ɗauko jarkokin ruwa, ya kai taki gindin shuke-shuke. Inji mai aiki wata goma sha biyu ya fi lafiya a kan wanda ke kwana wata takwas a sito. Na taɓa gani a wata makaranta a nan gabashin gari, mai sanduna ne sabo dal, kujerarsa ko ledar ba a gama cirewa ba, damina ɗaya ya yi. Tayar hagu ta daina ja, aka kira mai gyaran janareta ya duba ya ce injin lafiya lau, matsalar tana inda bai sani ba. Yana nan ƙarƙashin darbejiya, ɗalibai kuma sun koma adda.

To ra'ayina ke nan, ba na ɓoyewa. Makaranta, asibiti, harabar kamfani, gidan da filinsa ruwan sama kaɗai ke raya shi: mai sitiyari. Mai sanduna na wanda ya mai da yankan ciyawa sana'a ne, yana bin wurare da yawa a mako, ko wurin biki da otal mai rijiyar burtsatse da ke ba ciyawa ruwa rani da damina, fili a baje, bishiyoyi da furanni birjik. Shi ma ya sayi na 'yan kwangila wanda ake canza wa famfonsa mai da filta, kuma ranar da ya biya kuɗin inji, ranar zai biya na bel biyu da wuƙaƙe da boris da filtoci ya ajiye. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda kuma filinsa bai kai rabin filin ƙwallo ba, ya bar maganar hawa gaba ɗaya. Na turawa ya ishe shi, ko na ratayawa a kafaɗa mai yanka da zaren roba, wanda wani George Ballas ya ƙirƙiro a Houston a farkon shekarun 1970, ga shi yanzu ya cika gari.

Kowanne ka saya, kafin ka dubi fenti dubi sunan da ke jikin injin kansa. Yawanci ba mai ƙera gangar jikin ne ke ƙera zuciyar ba, za ka ga Briggs & Stratton, ko Kohler, ko Kawasaki, ko Honda. Ka rubuta lambar, ka shiga Sabon Gari ka tambayi filtarsa da fuloginsa tun kuɗinka na aljihunka. In mutum uku sun girgiza kai, ka san matsayinka.

Kula da shi kuma ba wani sirri ba ne, sai dai littafin da ya zo da shi an rubuta shi ne don ƙasar da ba ta san ƙurarmu ba. Injinan nan ba su da lagireto, iska ce ke sanyaya su. In ciyawa da ƙura suka toshe ragar saman injin, zafi zai dafa shi a hankali, don haka a kakkaɓe bayan kowane aiki, mai sanduna har da 'yan fankokin da ke kan famfonsa. Filtar iska a duba ta kullum, ba sai lokacin da littafi ya ce ba. Baƙin mai a juye shi bayan awannin farko na sabon inji, daga nan wajen kowace awa 50 ta aiki, ko sau ɗaya a shekara ko da awannin ba su cika ba. Wuƙa a wasa ta, don dakusasshiya yagar ciyawa take yi, sai ka ga bakin ya yi fari kamar an ƙona. In an wasa a rataye ta a ƙusa ta ramin tsakiya, in gefe ɗaya ya rinjaya a ƙara rage shi, in ba haka ba girgiza za ta kashe boris. Kafin hannu ya shiga ƙarƙashin kasko a zare wayar fulogi. Iskar taya a daidaita, don taya ɗaya in ta yi ƙasa yankan zai fito a karkace. Kada a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa a lokaci guda, kuma kafin a tayar da inji a sa wani ya zaga filin ya tsince duwatsu. Yara su yi nisa, wuƙar nan tana harba tsakuwa kamar gwafa.

Fetur ma a kula da inda aka saye shi. Ba mu manta da gurɓataccen man da ya shigo ƙasar nan a farkon 2022 ya lalata motocin mutane ba. Na galan a bakin titi, in da hali a bar shi.

Amma lokacin da aka fi kashe injinan nan a Kano shi ne Oktoba. Ruwa ya ɗauke, an yi yankan ƙarshe, sai a tura shi lungu da rabin tankin mai a manta da shi. Fetur in ya daɗe yakan yi danƙo ya toshe ƙananan hanyoyin kafireto. Batir ya mutu. Ɓera ya ci waya, zanzaro ya yi gini a salansa, hunturu ya cika ko'ina da ƙura. Yuni na zuwa a murɗa makulli a ji shiru, a ce kayan yanzu ba su da ƙarko. Aikin rabin awa ne zai hana wannan: a tsiyaye tankin, a bar injin ya yi ta aiki har ya mutu da kansa, a juye baƙin mai, a kankare ƙarƙashin kasko, a sa giris, a cire batir a riƙa yi masa caji lokaci-lokaci, a toshe bakin salansa da tsumma, a lulluɓe.

Saura abu ɗaya, ita ciyawar da aka yanke. Lauje dami yake bayarwa, inji kuwa niƙa yake yi. Mutum ya ga tulin kore ya ce bari in kai wa dabbobi, asara ce a zubar. A yi hattara. Niƙaƙƙiyar ciyawa in ta taru tana ɗaukar zafi ta fara ruɓa cikin 'yan awanni, doki kuma in ya ci ta yana iya kamuwa da ciwon ciki mai kisa. Masu dawakin folo da na hawan salla su kiyaye. A baza ta a rana ta bushe sarai tukuna, ko a zuba ta a rami ta zama taki. Kamfanin da ke da fili a bayan gini kuma, inda baƙo ba ya gani, ba sai inji ya shiga ba. Masu lauje suna nan bakin ƙofa, su za su yanke su kwashe, ko sisi ba za su karɓa ba.